Tsibirin da Ba Mota

Talata, 2 ga Satumba, bayan la'asar
Whalley Range

Mun dawo daga asibitin Oxford Road, nan cikin Manchester. Widad ta taso daga Birmingham tun da sassafe don ta shiga tare da mu, ta ce ita likita ce, za ta fi mu gane yarensu. Da ma ba ta zo ba. Da fuskar consultant ɗin, wato babban likitan, kaɗai na kalla, da ban gane komai ba, don an koya musu fuskar da ba ta faɗin komai. Fuskar 'yata na kalla.

Ya juyo mana da screen, ya nuna hoton kan Baban Widad da bakin biro. Ya yi bayani mai tsawo. Na ji "ba ma ganin aiki zai taimaka". Na ji "watanni". Sunan abin ya faɗe shi, ya kuma rubuta min a takarda. Ba zan rubuta shi a nan ba.

Da ya gama ya ce ko muna da tambaya. Musbahu (a nan dai zan iya kiran sunan mijina, ba mai ji) ya gyara zama ya ce, "Parking ɗin nan naku, awa nawa ake ba mutum?" Mutumin da rabonsa da tuƙi tun Yuli.

A gida na ɗumama miyar jiya. Ya ci. Yana gamawa ya buɗe drawer ya fito da taswirar tsibirin nan da ya yi mana booking tun Janairu, saboda cikarmu shekara talatin da aure. Wani ɗan tsibiri ne a gefen Sicily, ba mota ko ɗaya a cikinsa, ko'ina a ƙafa ake zuwa. Duk ya bi hanyoyin da jan biro tun lokacin sanyi. Ya ce, "Zubaida, tafiyarmu ta kusa ko?"

Na ce ta kusa.

Laraba, 3 ga Satumba, da safe

Widad ta ce a'a.

Alhamis, 4 ga Satumba, bayan magariba

Mun yi ta a waya ni da Widad. Ta ce, "Mum, tsibiri ne fa. Ko asibiti babu. Idan wani abu ya faru da Abba a can, me za ki yi?"

Na ce, "A nan da asibitin yake, me suka yi?"

Ta ce insurance ɗin ba zai ɗauki wannan ba. Ta ce jirgin sama kansa matsala ne ga mai irin lalurarsa. Ta jero min abubuwa, duk gaskiya ne, na san gaskiya ne. Na ce mata mahaifinta ba patient ɗinta ba ne. Ta ce, "Da patient ɗina ne da ya fi sauƙi," ta kashe.

Ɗanmu Zaid yana zaune a kitchen yana jin mu. Tunda abin nan ya fara yaron nan ya daina magana, sai wanke-wanke. Yana dawowa daga aiki zai kama kwanuka, har waɗanda na riga na wanke.

Ban gaya wa Widad dalilina ba, don ba za ta kira shi dalili ba. Makon jiya Baban Widad ya fita sayen burodi a shagon bakin layi. Sai bayan azahar Alhaji Lawal, abokinsa na masallaci, ya kawo shi gida. A Rusholme ya gan shi, tsaye a tsakiyar Wilmslow Road, bas tana yi masa hon, shi kuma yana duba kwalta kamar an aike shi ya gwada ta. A garin nan kowace hanya tana kai mutum wata hanyar. A can kuwa, na duba taswirar: duk inda ka bi, teku ne zai tare ka. Mutum ba zai ɓata da nisa ba.

Lahadi, 7 ga Satumba, da hantsi

Ya saka takalman tafiyar da ya saya mana, yana ta kai-komo a corridor wai yana horar da su. Ƙafar hagu tana ɗan gogar carpet. Na ji ƙarar kafin in gani.

Ya ci ƙosai uku.

Alhamis, 11 ga Satumba, da yamma

Na ɗauki leave a office. Manajata ta ce, "Enjoy your holiday." Na ce na gode.

GP, likitan unguwarmu, ya rubuta ƙarin magani ba tare da ya kalle ni sosai ba. Widad ba ta kira ba, amma ta turo Zaid da wata 'yar jaka, an jera ƙwayoyin a ciki, na safe daban na dare daban, da rubutun hannunta a jikin kowanne.

Asabar, 13 ga Satumba, bayan isha
Tsibirin

Jirgin sama, bas, sannan jirgin ruwa. A jirgin ruwan ya ƙi zama a ciki, ya tsaya a baki yana riƙe da ƙarfe, iska tana kaɗa rigarsa. Na riƙe bayan rigar ba tare da ya sani ba.

Garin ɗan mitsitsi ne, fararen gidaje masu shuɗin taga sun hau kan juna a jikin dutse. Da gaske ba mota. Alfadari ne ya ɗauki akwatunanmu. Matar da muka kama ɗaki a gidanta sunanta Celestina, tsohuwa ce gajeriya mai ƙarfin hannu, Turancinta bai fi cikin cokali ba. Ta kalli mayafina, ta kalli Baban Widad, ta nuna kifi a faranti ta ɗaga gira. Na gyaɗa kai. Mun fahimci juna.

Alƙibla tana kallon teku. Ya ci kifin har da burodi.

Lahadi, 14 ga Satumba, bayan azahar

Mun taka zuwa hasumiyar fitilar jiragen ruwa, a ƙarshen tsibirin ta kudu. Hanyar dutse ce, tana bin gefen tudu, teku a hannun dama. Wani ganye yana ƙamshi idan an taka shi, kamar ɗoɗɗoya amma ya fi ta kaifi. Ƙadangaru ƙanana koraye. Awaki a saman duwatsun da ban san ta inda suka hau ba.

Yau mijina na gani. Ya tsaya a tsakiyar hanya ya tsuguna, ya ce, "Zo ki ga aiki." Wai waɗanda suka shimfiɗa duwatsun sun karkatar da su kaɗan ta gefe, sun bar ɗan rami a kowane lanƙwasa, don ruwan sama ya sauka bai ci hanyar ba. Ya ce, "Ba siminti, ba kwalbati, kuma ta fi shekara ɗari. Ni na yi shekara ashirin da biyar ina zana wa council magudanar ruwa, kowane sanyi sai ta toshe." Ya yi dariya har da riƙe gwiwa. Na tsaya ina kallonsa, ina jin tsoron daɗin da nake ji.

A dawowa ya miƙo hannu ya ce, "Ba ni wannan. Na sha. Abin nan." Gorar ruwa yake nufi. Na ba shi da sauri don kada ya ci gaba da nema.

Litinin, 15 ga Satumba, bayan magariba

Tun da aka kawo ni gidansa, in dai muna gida, shi yake jan mu sallar magariba. Yau ya tsaya a tsakiyar Wattini. Na jira. Na ji yana komawa farkon ayar, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Na ɗora masa a hankali. Ya karɓa, ya ƙarasa.

Da ya sallame bai juyo ba. Ya daɗe yana kallon bango. Ya ce, "Daga gobe kowa ya yi tasa."

Na ce, "Kowa yana mantuwa."

Ya ce, "Zubaida."

Na naɗe dardumar.

Talata, 16 ga Satumba, da rana

Ciwon kai. Ba mu fita ba. Ya sha shayi.

Laraba, 17 ga Satumba, da yamma

Ya tashi da ƙarfi ya ce yau sai tsohuwar ganuwar da ke kan tudun arewa. Na ce ta yi nisa. Ya ce Dala ta fi ta tsayi, kuma ya hau Dala da ni a shekarar da muka haɗu, ina haki ina cewa ba zan ƙara ba. Wannan bai manta ba.

Celestina ta ba shi sandar zaitun. Hanyar ta bi ta bayan gari, ta wuce ƙaramar coci a kulle, ta ratsa gonakin da aka bari, katangun dutse duk sun zube. Akwai wani tsiro mai ƙaya kamar ƙerana, da 'ya'ya jajaye a bakin ganyen. Akwai ɓaure ya nuna har yana tsagewa, ba mai tsinka. Ya tsinko min biyu, ya goge a rigarsa. Ƙafar hagun tana jan ƙasa, tana barin layi a baya kamar an ja kara. Sau ɗaya ya tafi zai faɗi, na tare shi da kafaɗa, muka yi kamar ba a yi ba.

Ba mu kai ganuwar ba. Mun zauna a kan wani faffaɗan dutse, muna hangenta a sama, garin kuma a ƙasa kamar an zubar da sukari. Na ɗauka hankalinsa ya tafi wancan wurin da yake tafiya. Sai ya ce, "Na ji abin da likitan nan ya faɗa fa."

Na ce wane likita.

Ya ce, "Kada ki mai da ni yaro tun yanzu, lokacin yana zuwa. Na ji duka. Na ga idon Widad ya cika, shi ya sa na tambayi parking. Da ta yi kuka a gaban abokin aikinta, da ba ta yafe wa kanta ba."

Daga nan ya faɗi wasu maganganu, game da flat ɗin, game da Zaid, game da inda yake so a ajiye shi, da cewa kada in wahalar da yara da jirgi zuwa Kano, ƙasa duk ta Allah ce. Ya faɗe su a jere, a natse, yadda yake bayanin aiki. Na ce to. Ban da to ba abin da ya fito daga bakina. Ina da maganganu cike da ciki, shekara talatin ina tara su, na ce to.

Ya ce, "Kin yi daidai da kika kawo ni." Sannan ya dubi ɓauren da ke hannuna ya ce, "Wa ya ba ki wannan?"

Alhamis, 18 ga Satumba, bayan azahar

Na koma barci bayan asuba. Rabona da yin haka tun Yuli. Da na farka gefensa ba kowa, ƙofa a buɗe, takalman babu.

Na sauka ba ko mayafin kirki. Celestina tana shanya a tsakar gida, ta ga fuskata ta ajiye kwandon. Ban san me ta faɗa wa maƙwabciyarta ba, amma kafin in kai bakin layi maganar ta riga ni. Mata suna leƙowa ta taga suna nuna hanyoyi daban-daban. Wani mai alfadari ya hau ta tudu. Ni na bi ta hanyar hasumiya ina kiran sunansa, sunan da ban taɓa ɗaga murya da shi a waje ba. Duk inda na waiga teku ne. Ni da na ce teku zai tare shi, ban taɓa tunanin yadda teku yake tare mutum ba sai yau.

Masunta ne suka gan shi. Yana zaune a ƙarshen gadar da jirgin ruwa yake tsayawa, ya cire takalman ya ajiye a cinya, ƙafafunsa suna lilo a saman ruwa. Wani dattijo ya zauna kusa da shi yana gyaran raga, ya sa gwiwarsa ta tokare shi ta yadda ba zai zame ba. Allah ya saka wa mutumin nan.

Na tsuguna na ce, "Me kake yi a nan?"

Ya dube ni da fara'a, irin wadda yake yi wa baƙi. Da Turanci ya amsa min, cikin ladabi, wai motar Zariya yake jira, yana da lecture.

Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba. Na dai ci gaba da magana da Hausa, ina saka masa takalman, ina ɗaure igiyar. Ina kan ta biyun ya ce, "Zubaida, ina mayafinki?"

Da muka dawo Celestina ta kwance ƙararrawa daga wuyan akuyarta ta ɗaura a hannun ƙofar ɗakinmu. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta kaɗa ta sau ɗaya don in ji ƙararta, ta koma shanyarta.

Bai ci komai ba.

Juma'a, 19 ga Satumba, da hantsi

Widad ta kira, karo na farko. Ta ce yaya Abba. Na ce lafiya lau, yana hutawa. Ta ce yaya garin. Na ce akwai kyau.

Juma'a, bayan la'asar

Na kira ta na gaya mata abin da ya faru jiya.

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi da na samu abin riƙewa. Ta tambayi ko yana amai, ko yana barci fiye da da, ko ƙwayar idonsa ɗaya ta fi ɗaya girma. Na je na duba na dawo. Ta ce in ƙara masa rabin ƙwayar safe. Ta ce, "Ku taho gobe, Mum. Zan canza muku ticket."

Na ce to.

Asabar, 20 ga Satumba, da safe

Iska ta taso. Teku ya yi fari fat. Ba jirgi yau, an manna takarda a tashar. Wataƙila gobe ma babu.

Yana amai. Likitan tsibirin sai ranar Talata yake zuwa, shi ma a jirgin.

Widad ta yi gaskiya.

Lahadi, 21 ga Satumba, bayan magariba

Ba jirgi. Aman ya tsaya, ya sha romon kifi cokali kaɗan, ya yi ta barci.

Bayan azahar Celestina ta shigo da kujerarta da saƙarta, ta zauna a bakin gadon, ta nuna min ƙofa. Na girgiza kai. Ta sake nunawa, ta tura ni da hannu kamar ana korar kaza. Na fita.

Ban yi niyyar nisa ba. Na ga kaina a hanyar yamma, wadda ya zagaye a taswira da jan biro ya rubuta "ranar ƙarshe" a gefenta. Tana gangarawa ta cikin itatuwa masu ganye kamar allura, ƙasa duk laushi, ba a jin takun mutum. Iska tana kuka a sama amma ba ta sauko ba. A ƙarshe akwai wani lungu da duwatsu suka rufe, ruwan cikinsa a kwance, kore, ana ganin tsakuwar ƙasa, alhali a waje teku yana hauka. Ba kowa. Na cire takalmi da safa na sa ƙafata.

Zan rubuta wannan don ba wanda zan iya gaya wa. Na ji daɗi. Ba wanda nake saurare, ba wanda nake riƙe wa bayan riga. Na zauna ina kallon wasu ƙananan kifaye suna zagaya yatsuna, kuma ban so komawa ba. Na san rana tana sauka, na san tsohuwar nan tana da girki, na ci gaba da zama. Har na yi tunanin yadda zai kasance nan gaba, ni kaɗai a hanya irin wannan, kuma tunanin bai zo da kuka ba. Kukan sai a hawan dawowa ya zo, saboda bai zo a can ba.

Na same shi a farke, Celestina tana yi masa hira da yarenta, yana amsa mata da Hausa. Na ba shi labarin lungun, da kifayen, da launin ruwan. Ya saurara ya ce, "Ai na gani. Ba tare muka je ba?"

Na ce tare muka je.

Talata, 23 ga Satumba, da yamma
A jirgin ruwa

Iska ta kwanta. Daga gidan zuwa tasha gangara ce, amma ƙafar ta ƙi. Mai alfadarin nan ya ɗora shi, ni ina gefe ina riƙe da gwiwarsa. Shi da ya shigo tsibirin da ƙafarsa.

Celestina ta rako mu har bakin ruwa. Ta ƙulle min ɓaure a tsumma. Ta kama fuskata da hannu biyu ta faɗi wata magana mai tsawo. Ban ji ko kalma ɗaya ba.

Yau a ciki ya zauna. Bai waiwaya ba.

Laraba, 24 ga Satumba, bayan isha
Whalley Range

A airport sun kawo keken guragu. Ya ce ba ya so. Ya yi taku kaɗan ya tsaya, ya kalli tsawon corridor ɗin, ya zauna da kansa.

Widad da Zaid suna jira. Widad ta durƙusa a gaban keken, ta riƙe hannunsa tana kallon idonsa, kallon 'ya da kallon likita a haɗe. Ya ce, "Uwata, kin rame." Ni ba ta kalle ni ba har muka shiga mota.

Flat ɗinmu a hawa na biyu yake. Shekara goma sha huɗu muna hawan matakalar nan, ban taɓa ganin tsayinta ba. Ya taka uku ya tsaya. Zaid ya ajiye akwatuna, ya juya baya ya tsuguna, ya ce, "Come on, Abba." Ya goya ubansa har sama. Baban Widad yana cewa a hankali, a hankali, za ka ji ciwo. Maƙwabciyarmu ta buɗe ƙofa ta gani ta mayar ta rufe.

Zaid ya shiga kitchen. Na ji ya buɗe famfo.

Asabar, 27 ga Satumba, da rana

An yanke magana, ban san ko da ni aka yanke ba. Za mu koma Birmingham gidan Widad, akwai ɗaki a ƙasa, an ce za a kawo gado irin na asibiti, nurse za ta riƙa zuwa. Na ce to. Bakina ya saba.

Alhaji Lawal ya zo da mutanen masallaci. Suka zauna a falo, aka yi addu'a, aka sha shayi. Suka tambaye shi yaya hutu. Ya ce, "Alhamdulillahi, hanyoyinsu suna da kyau." Alhaji Lawal ya tashi ya tsaya a taga ya ba mu baya.

Ya ci tuwo loma biyu.

Laraba, 1 ga Oktoba, da yamma

Ina haɗa kaya. Ban san na wane tsawon lokaci zan haɗa masa ba. Na ɗauko rigunan sanyi na mayar, na sake ɗaukowa.

Lahadi, 5 ga Oktoba, bayan la'asar
Birmingham

Tagar ɗakin tana kallon bayan gidan: shara, katanga, igiyar shanya. Gadon yana ɗagawa da remote. Inaya, 'yar Widad, ta gano haka, tana ta ɗaga kakanta tana saukewa, yana dariya, uwarta tana hana ta.

Ni da Widad muna magana a kan magani, da lokacin nurse, da abin da za a dafa. Yau ina yanka albasa ta ɗauki wayata za ta duba lambar pharmacy, sai na ji shiru ya yi yawa. Hotunan take kallo. Ta tsaya a kan wanda na ɗauke shi a hanyar hasumiya, a tsugune yana nuna dutse, baki a buɗe.

Ta ce, "Me yake cewa a nan?"

Na ce, "Magudanar ruwa."

Ta yi wata 'yar dariya ta hanci, ta goge ido da bayan hannu. Ta ce, "Har yanzu ina ganin bai kamata ki kai shi ba, Mum. Tafiyar nan ta ci masa lokaci."

Na ce, "Na sani."

Ta ce, "Turo min wannan."

Laraba, 8 ga Oktoba, da hantsi

Ruwa tun safe. Ya kira ni da sunan yayarsa da ta rasu. Na amsa.

Juma'a, 10 ga Oktoba, bayan azahar

Rana ta ɗan fito, ya ce mu fita mu taka. Nurse ta ce in yana so a bar shi. Na saka masa jaket, ya riƙe abin turawar nan mai taya da suka kawo, ni ina gefen hagu. Layin Widad gidaje ne iri ɗaya na jan bulo, motoci a jere ta kowane gefe, ganye ya zube ya jiƙe. Mun wuce gida huɗu ko biyar. A bakin layin, inda bas take tsayawa, ya tsaya yana haki, yana duba dama da hagu.

Ya ce, "Ina tekun?"

Na ce, "Yana bayan gidajen can."

Ya ɗaga kai yana saurare. Motoci ne suke wucewa a babban titi, ƙararsu tana zuwa tana komawa. Ya gyaɗa kai ya ce, "Na ji shi. Da nisa?"

Na ce, "Da ɗan nisa."

Ya ce, "To a bari sai gobe. Yau ƙafar ba ta so."

Muka juyo. Widad tana tsaye a bakin ƙofa da kayan aikinta, ta ji mu, ta matsa ta ba mu hanya.

Asabar, 11 ga Oktoba, da yamma

Ya sha kunu cokali huɗu. Zaid ya zo daga Manchester, ya zauna kusa da gadon har la'asar. Ban ji abin da suka ce ba, ban ma san ko sun ce wani abu ba.

Litinin, 13 ga Oktoba, da safe

Rana ta fito sosai yau. Na ɗaga labule, na ajiye masa jaket ɗin a bakin gado inda zai gani.

Bai ce mu fita ba.